Tausar fuska, man kaɗe da ɗiyanmu mata

Duk malamin da ke koyarwa a kwaleji ko lise a ƴan shekarun nan ya san maganar fuska ta zama babbar magana a wurin ƴan mata, har da wasu samari. A TikTok da WhatsApp hotunan bidiyo suna ta yawo: mace da wani ɗan dutse mai santsi tana goga kumatunta daga haɓa zuwa kunne, wata da ɗan abin gangarawa mai kama da taya, ana cewa cikin mako biyu kumatu za su ragu, hanci ya miƙe, fata ta yi haske. Dutsen nan daga ƙasar Sin al'adarsa ta fito, sunansa gua sha, kuma yanzu ana samunsa a kantunan kayan kwalliya na manyan garuruwanmu. Uwaye sun rabu biyu a kai. Wasu suna cewa shirme ne na masu ƙoshi, wasu kuma suna ba da kuɗin sayensa don ɗiya ta yi shiru.

Ni malamar SVT ce a wata kwaleji a Damagaram, uwa ce kuma ga ɗiya mata uku da namiji ɗaya. Ina tausar fuskata kusan kullum, na yi wa ɗiyana tun suna goye, kuma ina da ra'ayin cewa tana da amfani. Amma amfanin da na sani da wanda mai sayar da dutse ke faɗi ba ɗaya ba ne, kuma akwai fuskar da bai kamata a taɓa ta da tausa ba sam. Wannan bambanci nake so mu duba tare, don mu ne ake tambaya, a gida ko a kalas.

A gidanmu ba a kiran abin da wani suna. Kakata ta wajen uwa, a wani ƙauye kusa da Matamaye, ita ke wankan duk jaririn da aka haifa a zuri'a. In ta gama wankan sai ta ɗebi man kaɗe ko man shanu da ɗan yatsa, ta murza a tafin hannu har ya narke, ta kwantar da jaririn a kan ƙafafunta ta fara daga goshi. Manyan yatsunta biyu suna tashi daga tsakiyar gira su bi har gefen kai, su sauko kumatu, su zagaya haɓa. A ƙarshe ta kama karan hancin ta ɗan ja, wai don ya tsaya. Hancin gidanmu dai har yau yana nan yadda Allah ya yi shi, faffaɗa, duk jan da ya sha. Ƙashi da guringuntsi ba sa jin maganar yatsa, kuma wannan ita ce amsar da nake ba duk yarinyar da ta tambaye ni ko dutse zai gyara mata hanci. Sauran aikin nata kuwa, wato man da tausar, jaririn yakan yi barci kafin a gama naɗe shi a zane.

In hunturu ya shigo, mu manya ma ba ta ƙyale mu. Bayan magariba za ta jera mu a tabarma, kowa ya wanke fuska, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Hannunta da kaushi, aikin gona da daka sun cinye shi, amma ba ta taɓa ji wa kowa ciwo ba. Tana yi tana duba mu: wa ke da ƙurji, wa idonsa ya yi ja, wa bakinsa ya tsage. Zan dawo kan wannan dubawar, don a ganina ita ce ta fi man tsada.

Me tausa ke yi wa fuska a zahiri? Abu na farko jini ne. A ƙarƙashin fata akwai ƙananan hanyoyin jini masu yawan gaske, kuma in an murza wurin a hankali suna buɗewa, jini ya ƙaru. Shi ya sa fuska ke ɗumi bayan tausa. Wasu masu bincike a Tokiyo ta ƙasar Japan sun auna wannan, suka buga sakamakon a 2018: an tausa kumatu ɗaya na minti 5 da abin gangarawa, aka bar ɗayan, sai aka ga gudun jini ya ƙaru a wanda aka tausa kaɗai, kuma ƙarin ya wuce minti 10 bai sauka ba. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, kuma abin da aka auna gudun jini ne. Ba a auna tsufa ba, ba a auna hasken fata ba. Masu talla sukan ɗauki irin wannan ɗan sakamako su gina masa bene.

Na biyu shi ne ruwan da ke taruwa tsakanin naman jiki, wanda a darasi muke kira lamf. Jini yana da zuciya mai tura shi. Lamf ba shi da famfo, motsin jiki ne ke kora shi cikin ƴan siraran hanyoyi zuwa kaluluwa: akwai su a gaban kunne, a ƙarƙashin muƙamuƙi, da gefen wuya har zuwa ƙashin da ke saman ƙirji. Mutum in ya kwana a kwance, ko ya ci abu mai gishiri da dare, ko ya yi kuka, ruwan nan yakan tsaya a fuska, ya tashi da safe idanu a kumbure. Shafa mai sauƙi daga tsakiyar fuska zuwa kunne, sannan a gangaro ta wuya, tana taimaka masa ya sauka da wuri. Nan ne asirin hotunan "kafin" da "bayan" da ake nuna wa ɗiyanmu. Kumburin safe ne ya sauka, wanda ko ba a taɓa shi ba zai sauka kafin hantsi. Kitse bai narke ba, ƙashi bai motsa ba, gobe da safe kuma fuskar za ta dawo yadda take. Kumburin da ba ya sauka da rana, musamman ga mai ciki ko ƙaramin yaro, wannan maganar gidan likita ce, don yana iya zama hawan jini, ciwon ƙoda ko tamowa.

Na uku, wanda ya fi shafar mu malamai, tsoka ce. Ku sa yatsa a gefen kumatu ƙasa da kunne kaɗan, ku cije haƙora. Wannan dunƙulen da ya taso ita ce tsokar tauna, kuma tana cikin masu ƙarfi a jikin ɗan Adam. Ku mayar da yatsan gefen kai tsakanin ido da kunne ku sake cijewa, za ku ji wata ta motsa. Mutumin da ke cikin damuwa yana matse waɗannan tsokoki bai sani ba, wani har cikin barci yana cizon haƙora. Malamin da ya tsaya tun ƙarfe 8 gaban yara fiye da 70, yana ɗaga murya don na baya su ji, ya ɗaure fuska don kada a raina shi, ƙurar alli tana shiga ido yana ƙanƙance shi, in an tashi sai ya ji kai ya yi nauyi kamar an ɗaura masa rawani da ƙarfi. Da yawa daga cikinmu parasetamol muke haɗiya mu wuce. Ni abin da nake yi in na dawo gida, kafin in taɓa kayye ko tukunya, in zauna minti biyar, in saki baki haƙora ba su haɗu ba, in zagaya waɗannan wurare biyu da kan yatsu a hankali, sannan in bi saman gira daga hanci zuwa waje. Ba kowane ciwon kai yake ɗaukewa ba, amma irin na gajiya sau da yawa yakan lafa. Wani abokin aikina, mushen lissafi, ya yi ta min dariya da farko, wai wannan sana'ar amare ce. Yanzu in an fita rekreyasho nakan hango shi a ɗakin malamai ya tura hula baya yana murza gefen kansa.

Game da ita fatar kanta, gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce man ya fi tausar aiki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana tsotse danshin fata, ta yi furu-furu, leɓe ya tsage, gefen hancin yara ya yi ɓawo. Mu kuma masu yawan wanke fuska ne, ga alwala sau biyar, kuma ruwan da ya bushe a fata ba tare da mai ba yana tafiya da danshinta. Mai yana rufe saman fata ya hana ruwan da ke cikinta fita. Shi ya sa ake shafa shi fata tana da ɗan jiƙe, nan da nan bayan wanki. In an bari ta bushe ƙayau sannan aka shafa, rabin amfanin ya tafi. Tausa tana baza man ya kai ko'ina, man kuma yana sa yatsa ya zame ba tare da jan fata ba. Kowanne yana buƙatar ɗan'uwansa.

Wane mai? Man kaɗe na gaskiya, wanda ba a gauraya ba, shi na fi yarda da shi. A ƙasarmu itacen kaɗanya ya fi yawa a kudancin jihar Doso, wajen Gaya, kuma wani man yana shigowa daga Benin, Burkina da Najeriya. Man aduwa ma yana da kyau, ba shi da nauyi, itacen kuma ga shi ko'ina a dajinmu. Bazilin fari marar turare ba shi da laifi ko kaɗan, ya fi mayuka masu tsada da yawa, ga araha. Abin da nake gudu shi ne man da aka zuba a kwalba marar suna, da mai turare mai ƙarfi, da man da ya daɗe har warinsa ya juya.

Yadda nake yi ba shi da wuya. Hannu da sabulu tukuna, farce a yanke. Fuska a wanke. Mai kamar ƙwayar gujiya, a narkar a tafi. Sai a fara daga wuya ana shafawa ƙasa, a koma haɓa a bi ƙashin muƙamuƙi har kunne, daga gefen hanci a bi kumatu zuwa kunne, goshi daga tsakiya zuwa gefe. Zagayen ido fatarsa siririya ce, ɗan yatsan zobe kaɗai ke zuwa wurin, shi ma taɓawa yake ba ja ba. Minti uku zuwa biyar ya isa. In fata ta yi zafi ko ciwo, an wuce iyaka. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci gare mu masu baƙar fata, don fatarmu in an cuce ta da gurza, da baƙin tabo take ramawa. Ƙwayoyin da ke yin launi suna ƙara aiki a duk inda aka sa fata kumburi. Yarinyar da ke dirzar kumatu da soso ko dutse don ta yi haske, duhun da take gudu shi take kira.

Akwai fuskar da ba a tausawa. Ta farko ita ce mai ƙurajen balaga, wato rabin ɗalibaina. Murza ƙurji yana fasa shi ta ciki, ya ƙara kumbura, ya bar tabo, mai nauyi kuma yana iya toshe ramukan fata. Likitocin fata a Indiya sun taɓa bin matan da ake yi wa tausar fuska da kirim a shagunan kwalliya, suka tarar wajen ɗaya cikin uku ƙuraje sun fito musu bayan wasu makonni, da jinkirin da ya sa matan ba su ma danganta abin da tausar ba. Ƙurjin da ke tsakanin karan hanci da leɓen sama kuwa kada a matse shi, don jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Ba kasafai abin ke ɓaci ba, amma in ya ɓaci ba ƙarami ba ne. Haka makero, da ƙuraje masu ruwa, da ciwon ido irin apolo, duk hannu ke yaɗa su. A yankinmu da aka daɗe ana yaƙi da amodari, ana koya wa yara wanke fuska a lakwal, bai kamata mu koma goge fuskokin yara biyar da tsumma ɗaya ba. Dutse ɗaya da ke yawo a jakar ƴan mata shida na kalas guda, ba wanki, shi ma tsumman ne.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wata ɗalibata ta ajin ƙarshe, shekarunta ba su wuce 16 ba. Ta dawo daga bakansi fuskarta ta sauya: ta yi haske fau, amma gaɓoɓin yatsunta da kunnuwanta suna nan baƙi. Kafin Janairu kumatun sun yi ja kamar an mare ta, ƙananan jijiyoyi sun fito, ƙuraje iri ɗaya sun cika goshi. In rana ta taɓa ta sai ta ja hijabi ta rufe har hanci. Na tsayar da ita bayan an tashi.

"Ɗiyata, me kike shafawa?"

"Madam, ba komai. Tausa ce kawai ake min."

"Da wane mai?"

Ta yi shiru, sannan ta ce wata mai gyaran jiki a unguwarsu ce ke haɗawa. Washegari ta kawo min kwalbar. Babu suna, babu rubutu, kirim ne ruwan ƙwai mai ƙamshi. Da na matsa, ta ce ta ga matar tana matse ƴan tib guda uku a ciki. Duk wanda ya san kasuwar nan ya san abin da ke cikin irin waɗannan tib. Ku duba jikinsu za ku ga an rubuta clobétasol ko bétaméthasone. Magunguna ne na gaske, dangin kortikoyid masu ƙarfi, waɗanda likita ke rubutawa don wasu cututtukan fata, na ɗan lokaci, kuma da wuya ya ce a sa a fuska. In an daɗe ana shafa su suna siranta fata har ta zama kamar takarda, su buɗe hanya ga ƙuraje da makero, su kawo nankarwa, su hana rauni warkewa. In ana shafa su a jiki duka wata da watanni, suna ratsawa cikin jini su jawo hawan jini da ciwon sukari. Wasu haɗe-haɗen da idrokinon ake yi, wanda in an daɗe a kansa yake barin baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu, tabon da kusan ba ya fita. Wasu kuma da zaiba, wato merkur, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, mai kai wa har ga jaririn da ke ciki. Ba don wasa ba Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Ruwanda ma ta bi sahu ta riƙa kwashe su daga kantuna.

A nan tausa ta zama abin ɓoye laifi. Yarinyar ba ƙarya ta yi min ba, a wurinta tausa ake mata. Uwarta ma haka ta sani. Da na je gidansu, ta karɓe ni da mutunci, ta ce:

"Wallahi Malama, cewa aka yi tausa ce ke fito da hasken fata. Ni kuma na ga mu ma an yi mana dilka lokacin aure, ban ga aibu ba."

Na ce mata, "Hajiya, dilka daban, wannan daban. Hannu ba ya sauya launi. In kika ga launi ya sauya, to ki tambayi abin da ke cikin kwalbar."

Ba na ganin laifin uwar. Gyaran amarya da dilka da halawa da turaren wuta, wanda ya zo mana ta Sudan da Cadi da Borno, tsohon abu ne, kuma akwai mata masu yin sa da gaskiya suna ciyar da gidajensu. Ɓata-garin cikinsu ne suka gane cewa kalmar tausa ba ta tsorata uwa, alhali kalmar bilicin tana tsorata ta. Murzawar kuma tana ƙara cusa maganin cikin fata, ga fatar ta riga ta yi siriri, da an danna sai ta ƙuje. Mun kai yarinyar wurin likitan fata. Bai ce ta daina rana ɗaya ba, don fatar da ta saba da kortikoyid in an yanke mata shi farat ɗaya takan yi bore, ta yi zafi da ƙaiƙayi har mutum ya koma wa kwalbar da gudu. A hankali aka janye. Ta rubuta jarrabawar birbe da tabo a fuska, ta kuma ci. Jan kumatun ya ragu sosai, amma jijiyoyin da suka fito suna nan.

Wani wurin da tausa ke cinye lokaci mai tsada shi ne karkacewar baki. Mutum ya kwanta lafiya ya tashi ɓarin fuska ɗaya ya saki, ido ba ya rufuwa, ruwa na zuba ta gefen baki. A unguwa za a ce iska ce ta buge shi, a kira mai tausa, a yi ta turare. Na ga an yi wa wani maƙwabcinmu haka kwana tara kafin a tuna da likita. Sau da yawa jijiyar da ke motsa fuska ce ta kumbura, kuma mafi yawan masu wannan suna warkewa cikin makonni ko watanni. Amma maganin da ke ƙara sa'ar warkewa sarai ya fi aiki in an fara shi cikin kwana 3 na farko, idon da ba ya rufuwa kuma yana buƙatar kariya don kada ya bushe ya yi gyambo. Tausa da motsa fuska a gaban madubi suna da wurinsu, amma daga baya, yadda ma'aikacin lafiya ya nuna. In kuwa karkacewar ta zo tare da mutuwar hannu ko ƙafa, ko harshe ya yi nauyi magana ba ta fita, wannan shanyewar ɓarin jiki ce daga ƙwaƙwalwa. Ba a jiran gari ya waye, mota ko adaidaita ake nema.

Yanzu in koma kan dubawar da kakata ke yi. Mu mutanen Damagaram da Maraɗi da Tawa mun san noma, ciwon nan da ke cin fuskar ƙananan yara, ko da ba kowa ya san sunansa na likita ba. Yakan kama yara masu shekara 2 zuwa 6, galibi waɗanda tamowa ta raunana ko suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Da dasashi yake farawa: ya kumbura, yana jini in an taɓa, baki yana wari ƙwarai, yaro yana dalalar da miyau ya ƙi abinci. Sai kumatu ya kumbura. Cikin ƴan kwanaki wurin ya yi baƙi, nama ya mutu, rami ya buɗe. Mafi yawan yaran da ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi, waɗanda suka rayu kuma da yawa muƙamuƙinsu yakan ƙage, baki ya ƙi buɗuwa. Amma in an kama shi a matakin dasashi, maganin antibiyotik da tsabtace baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Ƙungiyar Sentinelles tana da cibiya a nan Damagaram tun farkon shekarun 1990 tana karɓar waɗannan yara, a Sakkwato kuma akwai asibiti na musamman dominsu tun 1999.

Tausa ba ta maganin noma, kumatun da ya kumbura kuma ba a tausa shi, ba a gasa shi, likita ake kai shi a ranar. Amma uwar da hannunta ke kan fuskar ɗanta kowane dare ita ce za ta fara jin cewa ɓari ɗaya ya fi ɗaya tauri, ita za ta ji warin, ita za ta ga ya janye kai da ta taɓa wurin. Tazarar da ke tsakanin dasashi mai jini da rami a kumatu kwanaki ne kaɗan, kuma ba ma'aikacin CSI ne ke kwana da yaron ba. Da na tambayi uwaye a wani taro yaushe rabon da su ɗaga leɓen ɗan shekara uku su dubi dasashinsa, dariya aka yi, don ba wanda ya taɓa ce musu aiki ne. Yaron da aka yaye, aka yi masa ƙane, shi ne wanda hannu ya fi saurin barinsa, kuma shi ne dai wanda ciwon ke nema.

Ga masu jarirai, akwai tausa ɗaya da likitoci da kansu ke koyarwa. Wani jariri idonsa ɗaya yakan yi ta hawaye da kwantsa, farin idon kuma bai yi ja ba. Sau da yawa ƴar hanyar da hawaye ke bi daga ido zuwa hanci ce ba ta gama buɗewa ba. Ana sa ɗan yatsa mai tsabta a lungun ido ta wajen hanci, a ɗan danna a gangaro gefen hancin, sau kaɗan a rana, kuma yawanci hanyar takan buɗe kafin ya cika shekara. Sajfam ko likita ya fara gani ya nuna yadda ake yi. Jaririn kwana biyu ko mako ɗaya da fatar idonsa ta kumbura tana zubar da mugunya, wannan wani ciwo ne daban mai iya makantarwa, ba nono ake ɗiga masa ba, ba kwalli ba.

Maza kuma, ban ga dalilin da ya sa aka bar wannan aiki a hannun mata kaɗai ba. Yara maza ne suka fi zuwa lakwal da fuska fari fat a hunturu, leɓe yana jini, don an ɗauka shafa mai kwalliya ce. Uban da ke kai ɗansa wurin wanzami duk mako biyu zai iya ɗaukar minti biyu da safe ya shafa masa mai kafin ya ɗora shi a kan babur. Maigidana yana yi wa autanmu, yaron yana ƙunƙuni wai abokansa za su ce yana ƙyalli, amma yana tsayawa.

A taron ƙungiyar uwaye mata na lakwal ɗinmu da za a yi kafin sanyi ya kankama, na roƙi darakta ya ba ni minti 20. Zan zo da sabulu, da buta, da man kaɗe na dala ɗari, da ƴar cocila don duba baki. Na kuma ce kowace uwa ta leƙa inda ɗiyarta ke ajiye kayan shafa, ta zo da duk tib ko kwalbar da ba ta gane ba, mu karanta abin da ke jikinsu tare. Wadda ba ta da rubutu a jiki, za mu tara ta gefe guda mu kai wa mai farmasi ya gani.